Ƙasar da na kusa jefawa a tukunyar wake

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe matar Jawad ta kira ni. Sun kashe shi.

An tare motarsu a hanya a Afghanistan, aka duba fuskoki, aka sauke 'yan ƙabilar Hazara. Laifinsa ke nan, fuskarsa da kuma Shi'ancinsa.

Jawad maƙwabcina ne a nan ƙasar da muke baƙunta, a unguwar Hayyus Sabi', shekara uku ƙofa na kallon ƙofa. Masu shago ɗan China suke ce masa, sai ya yi dariya. Ya ce, "Bashir, a nan fuskata kuskure ake yi da ita. A gida ba sa kuskure."

Wata rana ina dafa wake a kicin ɗinsa saboda gas ɗina ya ƙare, na ga wani ɗan dunƙule a kan taga. Wallahi na ɗauka kanwa ce. Har na ɗaga zan jefa ya riƙe hannuna yana ƙyaƙyatawa: "La'a ya akhi, ƙasa ce, a kanta nake sujada!"

Ranar na san ɗan Shi'a ne, don su ke sujada a kan irin wannan dunƙulen ƙasa. Sati biyu ina kauce masa a matakala. Ina jin kunyar wannan har yanzu.

Da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya riƙa hawo min da miya. Bai taɓa tayar da zancen ba.

Shekara biyu yana bin layin ofishin 'yan gudun hijira, kullum a dawo gobe. Mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, ya gaji da jira ya tafi gida duba ta. A ƙofar gida ya damƙa min ƙasar nan: "Ajiye wa 'yata Zahra. Idan an bincike ni da ita a hanya, khalas, tawa ta ƙare."

Bai ɗauke ta ba, kuma bai tsira ba.

Zahra shekararta huɗu. Ita da uwarta suna nan, takardarsu ba amsa. Ƙasashen da ke cewa suna kare mutane, gawa nawa kuke jira? Gobe da ni za a je ofishin nan, kuma ba zan bar layin ba sai an saurare su.

Masu turo min saƙo tun safe wai kada in yi wa ɗan Shi'a addu'a, ku huta. Na taɓa gudunsa sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Allah Ya jiƙan Jawad, Ya tsare Hazara, Ya hana a mayar da Zahra kan hanyar nan. Ku sa su a addu'a don Allah.

Ajiyarta tana aljihuna.