Yaya Hanya?

Yayana ya yi shekaru yana koya wa sababbin masu gadin kamfani yadda ake gane maƙaryaci. Ɗakin horonsa ba tebur, kujeru biyu ne kawai suna fuskantar juna, don wai ƙafa ta fi baki saurin tona asiri. Ɗalibansa Mai Ido suke kiransa, shi kuma kansa har kumbura yake yi.

Dabararsa ɗaya ce. Kada ka fara da zargi. Tambayi mutum yaya hanya, ya kwana lafiya, ka ga yadda fuskarsa take idan yana faɗin gaskiya. Daga nan ka jefa ainihin tambayar, ka duba abin da ya sauya.

Da a wurin aiki ya bar abin, da sauƙi. Amma har gida ya kwaso shi, kuma ɗansa tilo ne ya sha wahalar. A fasa kofi, sai a zaunar da yaro a fara tambayarsa yaya makaranta. Na sha faɗa masa, "Yaya, ɗanka ne fa, ba ɓarawon sito ba." Sai ya ce gyara yake yi.

Yanzu ya tsufa, ciwo ya kwantar da shi, ni nake jinyarsa. Ba abin da yake so irin yaron nan ya zo su yi hira. Da ƙyar na lallaso shi ya zo, magidanci guda da gemunsa.

Uban ya washe baki, ya ce, "Sannu da zuwa. Yaya hanya?"

Sai na ga ɗan ya miƙe zaune, ya haɗe ƙafafu, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Baba, me aka ce na yi?"

Uban ya yi ta rantsuwa hanyar kawai yake tambaya, amma hira ta ƙi. Ko ruwan da na kawo ɗan bai shanye ba ya tashi, ya ce zai dawo ƙarshen mako ya kwana.

Na raka shi ƙofa, na dawo da murnata. "Ka ji ko, Yaya? Bari in gyara masa ɗaki."

Ya girgiza kai.

"Kada ki wahalar da kanki, ba zai zo ba," ya ce. "Amma ya iya. Saura kaɗan ni ma in yarda."