Kwalbar Gindin Randa

Shekarar da na gama jami'a na dawo gida Kudan da jaka ɗaya da wata 'yar kwalba. A cikinta akwai ragowar aikina na ajin ƙarshe, wani abu mai kama da kokon da ya huce ya daskare, sai dai shi garai yake kamar ruwa. Da sitacin rogo da ƙaro muka haɗa shi. Amfaninsa, in ya yi, a shimfiɗa shi a kan ciwo ya riƙe danshi, yana sakin maganin fumfuna a hankali. Na ce in ya yi, domin a farantin ɗakin gwaji kawai muka gwada shi, bai taɓa hawa fatar mutum ba. Na ajiye kwalbar a gindin randar Inna saboda sanyi. Wataƙila na ɗauko ta ne don in riƙa tuna cewa na taɓa yin wani abu, tunda abokan karatuna duk sun watse, ni kuma babu aiki.

Baba manomin rake ne. Kowace damina sai cin ruwa ya kama masa tsakanin yatsun ƙafa, saboda wuni a fadama. A wannan shekarar abin ya wuce ƙaiƙayi, wurin ya tsage yana ruwa. An ƙunsa lalle, an barbaɗa toka, domin a wurinmu ciwo sai ya bushe ake cewa ya kama hanya. Bai bushe ba.

Wata rana bayan la'asar yana zaune a zaure da Kawu, ƙanen Inna, sai ya aika a kira ni.

"Kai, uwarka ta ce maganin wannan abin ka karanta."

Na durƙusa na ce, "Kusa da shi dai, Baba."

"To ɗauko ka shafa mini."

Na fara bayani: ba a gwada ba, ban san ko ƙarfin maganin yana nan ba, kuma ciwon da ya buɗe haka yana iya zama ba cin ruwa kaɗai ba ne. Ina magana ina jin yadda kalmomin ke fita da rauni.

Kawu ya yi dariya. "Yaya, magani a gindin randa, ƙafa a zaure, likita a tsakani yana wataƙila! Ɗana, in ba a gwada ba, ai ga inda za a gwada."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Ƙafar tawa ce. Na yarda."

Na sunkuyar da kai na ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Mu je asibiti."

Ya ja ƙafarsa ya rufe da bakin riga. "Tashi ka je."

Mun je asibiti a Makarfi daga baya, da ƙafar ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ni na goya shi a babur. Aka gano yana da ciwon suga. Aka wanke, aka ba da magani, aka hana shi shiga fadama. Ƙafar ta warke a hankali, sai dai raken wannan shekarar wasu suka sare masa. Da, in baƙo ya zo, yakan nuna ni ya ce, "Wannan shi ne mai haɗa magani." Daga lokacin sai ya koma cewa, "Yaron yana jiran aiki."

Ƙarshen damina na ɗaga kwalbar, na ga wani baƙi-baƙi ya toho a saman abin. Fumfuna ce. Ko maganin ne ya mutu, ko hannuna ne bai da tsabta ranar da na zuba, ban sani ba. Sai na tuna inda aka so in shafa shi.

Na nufi zaure da ita a hannu don in nuna wa Baba. Na hango shi ya gama alwala, yana tsane tsakanin yatsunsa da tsumma kamar yadda aka ce masa a asibiti. Sai na tsaya. In ya gani, ko zai ce ashe na yi daidai, ko zai ce maganin da na yi shekaru ina koyo ko kansa bai iya karewa ba. Ban san wanne zai faɗa ba.

Na juya bayan gida, na haƙa rami kusa da dalbejiya, na binne ta.