Ƙadangare Mai Wutsiyar Kada

Kyamarar nan don wanduna na saye ta. Ina ɗaukar hoton samfurin jins a Xintang, garin masaƙu, in tura wa 'yan kasuwarmu na Kano su zaɓa. Shekarar gasar Olamfik biza ta yi wuya, baƙi suka ɗauke ƙafa, muka wuni zaune a unguwarmu ta Sanyuanli ba ciniki. Ganin haka laoban, wato mai masaƙar da ke ɗinka mini kaya, ya ce in raka shi ƙauyensu cikin duwatsun arewa in sha iska. Abokin ɗakina, wani Bamaraɗe da muke cin tuwo kwano ɗaya, ya biyo mu.

Mahaifin laoban ne ya kai mu bakin wani rafi. Tsoho ne mai ƙarancin magana. Ya nuna reshen da ya sunkuyo kan ruwa, na duba na duba ban ga komai ba. Can sai idona ya faɗa kansa. Ƙadangare ne, amma wutsiyarsa ta kada ce sak, da tudu biyu a jere, wuyansa ja kamar an shafa masa jan ƙasa. Ko motsi ba ya yi. Laoban ya fassara mini cewa da can kowane reshe da nasa, yanzu kuwa meyo, babu, masu kamawa sun kwashe.

Na kwanta rub da ciki cikin laka, sauro na cina, ina ɗauka ina matsawa. Har ƙwayar idonsa na samu. Da gwiwar hannuna ta karya wani kara, sai ya saki reshen ya faɗa ruwa. Tsohon ya yi dariya, ya riƙo hannuna ya tashe ni.

Bayan mun dawo, abokina ya ari kyamarar, wai zai ɗauki hoton takalma. Ashe kasuwar tsuntsaye da kifi ya kai hotunan. Aka yi masa tayi, ya nemi direban da ya kai mu, suka koma rafin ba da sanina ba.

Ranar da na gane, na shiga banɗaki alwala ne na tarar da ƙadangaren cikin bokitin wanki, an rufe da raga. Bakinsa ya ƙuje don dukan roba, jan wuyan nan ya dushe. Na ce wa abokina ya mayar da shi. Yana ta danna waya ya ce, "Haba Alhaji, ƙadangare ne fa. A gida yara ke jifansu."

Kafin mai saye ya zo, ƙadangaren ya mutu. A kwandon sharar bene abokina ya jefa shi.

Labari ya kai ƙauyen ta bakin direban. Laoban ya ci gaba da ɗinka mini kaya, amma ya daina zuba mini shayi, kuma bai ƙara ambaton mahaifinsa a gabana ba. Na yi ta bayani, yana cewa ba komai. A wurinsu ni da Bamaraɗen duk ɗaya ne.

Na canza ɗaki. Bamaraɗen yana nan, ya ma buɗe ofishin tura kaya. Mukan haɗu a masallacin Juma'a, ya miƙo hannu, in karɓa.