Ɗigo Uku a Jikin Bindiga

Ni ɗan maƙera ne daga Nahuce, a ƙasar Bungudu. Na buɗe ido na ga Baba yana ƙera galma da lauje, kuma duk abin da zai fita daga maƙerarmu sai an buga masa ɗigo uku a gindi. Shaidar gidanmu ke nan tun daga kakana. Manomi in ya ga ɗigon nan ba ya ƙwanƙwasa ƙarfe, ɗauka kawai yake yi. Na buga shi tun ina ƙarami, har hannuna ya saba yi ba tare da ya yi shawara da ni ba.

Da na yi aure sai na koma Gusau, na kafa rumfa wajen Damba. Wata rana wani mai kawo mini gawayi daga Tsafe ya zaro bindiga daga cikin buhu, wai ta masu gadin ƙauyensu ce, ƙarfen da ke kare kunamarta ya karye. Na ƙera sabo na sa mata. Da ya dawo da ta biyu, sai ya nuna lambar da ke jikinta ya ce, "Malam, goge muna wanga rubutu." Na san ba ta Allah ba ce, amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Na sa magagari na goge, har ta farkon ma ya dawo da ita na goge. Daga nan hanya ta buɗe. Nakan goge wuri ya yi sumul kamar bayan cokali, ina yabon gwanintata.

Bayan kaka Inna ta kira ni tana kuka, ta ce jami'an tsaro sun tafi da Baba. An kama bindigogi a mota kan hanyar Tsafe, an ga ɗigo uku a jikin ɗaya. Ni wallahi ban ma san na buga su a ƙarfen kunamar da na ƙera ba. Da aka tambayi Baba, tsoho mai fama da hawan jini, cewa ya yi, "Shaidata ce," bai ƙara ko kalma ba. Ya san hannun wanda ya yi. Kwana biyu ina ɓoye, ina jin kunyar faɗin haka har yau. A na uku na kai kaina.

Na shirya ƙaryata: gyara kawai na yi, ban san komai ba. Jami'in da ya zauna da ni bai ko ɗaga murya ba. Hoto ya ajiye a gabana. Wurin da na goge ne, ga sawun magagarina, ga kuma lambar ta fito ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Kai maƙeri ne. In ka doki ƙarfe, a sama kaɗai bugun ke tsayawa?"

Na san amsar. Ya ce magani ake zubawa a wurin da aka goge, abin da ya nutse a cikin ƙarfen ya taso. Sun aika lambar ƙasashen waje. Masana'antar da ta ƙera bindigar, can bayan teku, ta duba littafinta ta faɗi sojojin ƙasar da aka sayar wa. Waccan ƙasa ta amsa cewa daga rumbunta aka sace ta. Wata maƙwabciyar ƙasa ta ce ta taɓa kama 'yan uwan bindigar a bakin iyaka. Ikon Allah. Mutanen da ba sa jin harshen juna, ba su taɓa jin sunan Bungudu ba, sun haɗa kai a kan ƙarfe guda, sun bi sawunsa ya ratsa teku da hamada har cikin buhun gawayi. Ban taɓa jin ƙanƙantata irin ta ranar ba.

"Lambarsu ta kawo mu Tsafe," in ji shi. "Taku shaidar kuma wani yaronmu ya gane, da galmarku ubansa ke noma."

Na faɗi gaskiya duka, aka saki Baba a ranar. Ni kuma kotu ta tura ni gidan yari, inda na yi shekaru ina tunanin mutanen da bindigogin nan suka raba da gonakinsu, wasu da rayukansu.

Da na fito na wuce Nahuce, na durƙusa gaban Baba. Ya ce ya yafe. Sai na lura da sabbin galmuna jingine da bango, babu ɗigo ko ɗaya. Na tambaya. Ya ce, "Na jefa abin bugun a rijiya. Wa zai riƙa shaidar da aka gani ga bindiga?"

Samari, musamman masu sana'ar hannu, kada wani ya ce muku gyara ne kawai. Abin da aka kawo a ɓoye cikin buhu, ku mai da shi yadda ya zo. Na tuba, kuma ina roƙon Allah Ya karɓa.

Yanzu ni ke riƙe da maƙerar. Ran kasuwa manomi kan ɗaga galmata, ya juya gindinta, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Wagga ƙirar wane gida ce?" Sai in sunkuyar da kai.