Sabo Mai Wankin Hula da 'Yar Farinsa

In kana yawan bi ta Unguwar Dosa da hantsi, ba mamaki ka taɓa ganinsa: wani siririn mutum a gindin darbejiya, ya jera huluna a kan guntayen itace suna shan rana, hannuwansa sun yi fari fat saboda omo da sitaci. Sunansa Sabo. Ya iya wankin hula, wannan kam ba a ja masa. Amma ba hula ce ta kawo shi Kaduna ba, 'yarsa ce Aziza.

Sunan nan kuwa a bakina za ka ji shi, ba a bakinsa ba. 'Yar fari ce, shi kuma Sabo irin mutanen nan ne da suka ɗauki kunyar ɗan fari suka ɗora a ka, ko gammo babu. "Ke" yake ce mata, in da mutane kuma "yarinyar nan". In zazzaɓi ya kama ta, sai ya yini yana yi mata fifita, amma da ya ji sallama a ƙofa zai ajiye mafici ya shiga kallon rufin ɗaki, sai ka ce bai san da kowa a kwance ba.

Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Giwa. Matarsa Hafsatu ta rasu wurin haihuwa ta biyu, ita da abin da ke cikinta, Aziza tana aji biyu a firamare. Ana yin sadakar arba'in, Iya Jummai, uwar marigayiya, ta aiko a kai mata yarinya. Haka aka saba, namiji ba ya zama da 'ya mace ba uwa. Sabo ya ce to. Bai kai ta ba. Aka sake aikowa, ya sake cewa to. Ya koyi tuƙa tuwo, na farkon duk gudaji, yarinya tana ci tana dariya. Ran Alhamis ya tura ta maƙwabta kitso. Ƙauye ya ɗauki surutu, wai Sabo ya zama mace. Ya ji, ya yi kunnen uwar shegu, don shi ya san in yarinyar nan ta bar gidan ba abin da zai rage masa a ciki sai bango.

Makarantar garin kuma ta mutu a tsaye. Tun da hanya ta lalace da masu satar mutane, malamai suka ɗauke ƙafa, saura guda ɗaya, shi ma sai ranar da ya ga dama. Yara su je su kori awaki daga aji, su yi wasan 'yar gala-gala, su dawo. Yarinyar da ta fara haɗa baƙi sai ga ta tana mantawa. Abin ya ci wa Sabo rai, domin Hafsatu ta sha cewa ita dai 'yarta ta yi karatu. Da Iya Jummai ta tako da ƙafarta ta zo ɗaukar jikarta, sai ya durƙusa ya ce, "Iya, Kaduna zan kai ta makaranta." Wa zai ja da karatu? Tsohuwa ta share hawaye ta sa albarka. Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba. Karatun yana so, kuma karatun ne kaɗai hujjar da za ta bar masa 'yarsa a hannu.

A Kaduna yana da wa, Alhaji Ubaidullah, ma'aikaci a sakatariya, wanda shi ya riƙe Sabo tun rasuwar ubansu. Yaya Ubaidu yake ce masa, kuma har yau ba ya zama kan kujera a gabansa. Shi ya samar wa Aziza gurbi a makarantar da 'ya'yansa suke, nan Unguwar Dosa, makaranta ta gaske, mai malamai a kowane aji da littattafai a hannun kowane yaro. Sabo kuwa ƙarfinsa bai kai ya zauna a unguwar ba. Can Katabu ya samu ɗaki, ya kafa sana'arsa a Kawo.

To, daga Katabu zuwa Unguwar Dosa fa ba nan kusa ba ne. Ana idar da asuba za su fito titi, a yi ta kokawar shiga bas, a zo Kawo a tarar da cunkoso, a sauka a nemi keke. Kafin su isa an rufe ƙofa, masu makara suna durƙushe a kan tsakuwa. Sabo sai ya tsaya a tsallaken titi yana latse-latsen waya, wai shi kira yake nema, alhali idonsa yana kan gwiwoyin yarinyar. Da damina ta sauka kuwa abin ya ƙazanta. Rannan ruwa ya yi musu dukan kawo wuƙa a Kawo, ta kwanta da tari har ta rasa jarrabawar tsakiyar zango.

Hajiya Sa'adiya, matar Yaya Ubaidu, ita ta fara magana. Mace ce mai faram-faram, mai wasa da ƙannen miji. Ta ce, "Kai Sabo, kashe mana yarinya za ka yi a titi? Ka bar ta nan Litinin zuwa Juma'a mana. Ga makaranta ana hango ta daga ƙofar gida."

Ya duba, ya rasa ta inda zai ce a'a, don gaskiya ta faɗa.

Kuma wallahi abin ya yi kyau da farko. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci zai je ya ɗauko ta. A bas tana jikin taga, duk allon da suka wuce sai ta karanta masa, na asibiti, na masu sayar da siminti, har rubutun bayan tirela. Shi yana kallon gaba fuska a ɗaure, kada fasinjoji su ga haƙoransa, amma cikinsa fal farin ciki. Su isa Katabu ta karɓe muciya ta ce ya matsa, ai yanzu ta fi shi iyawa. Sabo bai taɓa jin daɗin zaman duniya ba tun rasuwar Hafsatu irin na wannan ɗan tsakanin.

Sai Babbar Sallah ta zo. Baffa Idi, ƙanen ubansu, ya zo daga ƙauye ya sauka gidan Yaya Ubaidu. Falo cike da maza, abokan aikin Alhaji da maƙwabta, Sabo yana zaune a ƙasa can bakin ƙofa. Aziza ta shigo da tiren nama ta durƙusa ta gaida kowa tsaf. Baffa ya bi ta da kallo ya ce, "Wannan mai hankalin ta wa ce?"

Yaya Ubaidu ya yi dariya ya ce, "Baffa, tambayi Sabo. Ni ma ban sani ba, aro ya ba ni ko kyauta."

Ido ya dawo kan Sabo. To jama'a, me zai ce? A gaban baffansa, a gaban wanda ya ciyar da shi ya tufatar da shi, ya buɗe baki ya ce 'yar farinsa tasa ce, yana son abarsa? Ina! Ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da kowane ɗa mai tarbiyya zai faɗa. Ya ce, "Haba Yaya, ai taka ce."

Maganar nan kullum ana yin ta a gari. Ka yaba rigar mutum ya ce taka ce, ba wanda ya taɓa tuɓewa. Amma Baffa Idi mutumin dā ne, a wurinsa magana in ta fito gaban manya ta zauna. Ya gyara zama ya ce, "Madalla! Haka zumunci yake. Kun dai ji, ku ne shaida." Ya ɗaga hannu, falo duka aka ɗaga, aka yi fatiha aka shafa. Sabo ma ya shafa. Yana jin tafin hannunsa a fuskarsa, sanyi ƙalau.

Da labari ya isa cikin gida Hajiya Sa'adiya har da hawaye. 'Ya'yanta maza ne zalla, ta daɗe tana roƙon Allah mace. Kafin sati ya zagayo an sayo gado, an yi wa ɗaki fenti. Da ma a ce mugaye ne, da Sabo ya samu abin kamawa. Amma yarinya ta yi ɓul-ɓul, kitso sabo kowane mako, sakamako ya fito ita ce ta biyu a aji. Wa zai kai ƙara, ya ce an yi masa me?

Juma'a kuwa ta fara tsinkewa. Aka sa ta Islamiyya ta Asabar da Lahadi. Ya zo ɗaukarta a ce, "Ayya, gobe akwai hadda." Wani satin a ce akwai biki a dangin Hajiya, an riga an ɗinka mata anko. Ya ce to, ya juya. Ya hau bas shi kaɗai, alluna suna wucewa ba mai karanta masa.

Yarinyar ce ma ta kawo dabara. Ta rako shi ƙofa wata rana, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Baba, in ka samu ɗaki kusa da makaranta ai ba sauran makara, ko? Sai in dawo wurinka." Washegari ya kwashe guntayen itacensa daga Kawo ya dawo da su gindin darbejiyar nan, ya shiga neman ɗaki.

Nan ya gane gwauro ba mutum ba ne a wurin masu gidan haya. Duk inda ya je tambayar farko ita ce, "Ina iyali?" Ya ce Allah ya yi mata rasuwa. A yi masa ta'aziyya da kyau, sannan a ce, "Sai dai ka yi haƙuri, gidan matan aure ne." Ya ce yana da yarinya. A ce, "Tana ina?" Ya ce tana gidan wansa. Sai a kalle shi a ce ai ka ji. Ba a ba shi ɗaki don ba yarinya a hannunsa, ba zai iya karɓo yarinya ba don ba ɗaki. Haka ya yi ta zagaye har wata damina ta sake zuwa ta wuce, Aziza tana tambaya da ido duk ranar da suka haɗu. A ƙarshe wata tsohuwa, Hajiya Halima, ta tausaya ta ba shi ɗakin zaurenta mai ƙofa ta waje. Ya share, ya wanke, ya raba shi biyu da labule, ya sayo 'yar katifa. Ya raɗa wa yarinya cewa ran Asabar zai zo ya yi wa Yaya magana.

Ran Asabar bayan la'asar ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi. Tun daga gida yake bitar maganar a ransa, ya tsara ta yadda ba za ta yi zafi ba. Ya tarar da Yaya Ubaidu a baranda yana shan shayi. Ya zauna a ƙasa, aka gaisa.

Kafin ya haɗiye yawu Yaya ya riga shi. Ya ce, "Na ji ka kama ɗaki nan bayanmu. Ka kyauta wa kanka. Ka ga yanzu kullum za ka riƙa ganin 'yar tawa tana wucewa."

Sabo ya ce, "E, Yaya. Dama..."

"Ka san jiya na je makarantarsu? Shugabar da kanta ta ce in bar yarinyar nan ta yi nisa, kanta yana ja. Na ce ko gidan nan zan sayar sai ta yi likita." Ya ajiye kofi, muryarsa ta sauya. "Sabo, ban taɓa gode maka yadda ya kamata ba. Hawan jinin Hajiyarku tun da yarinyar nan ta zo bai sake kwantar da ita ba. Abin da na yi maka kana yaro, ka biya ni har da ƙari. Dama me za ka ce?"

Maganar tana nan a maƙogwaronsa, ta zo har bakin haƙora. Ya ɗaga ido ya ga furfurar wansa, ya ga idon mutumin ya yi rau-rau. Kai, rashin iya magana bai yi ba!

Ya ce, "Ba komai, Yaya. Gaisuwa ce kawai."

Ya tashi ya sa takalmi. Yana isa bakin get sai ga Aziza ta fito daga bayan tankin ruwa, tana jan wata babbar jaka da hannu biyu. Fuskarta sai ƙyalli take yi.

Ta ce, "Baba, tun jiya na haɗa, har da littattafaina. Mu tafi?"

Ya kasa kallonta. Ya ce, "Ke, koma ciki. Hajiya za ta neme ki."

Ta dube shi. Murmushin ya tafi a hankali. Ta ce, "Ba ka faɗa masa ba."

"Sai an yi hutu."

"Haka ka ce wancan hutun."

Ba ta yi kuka ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta sunkuya ta kama hannun jakar ta juya. Jakar ta fi ƙarfinta, tana ja tana tsayawa, gindinta yana kartar siminti. Ƙafar Sabo ta motsa za ta bi ta, sai ya hango Yaya Ubaidu ya miƙe tsaye a baranda yana kallonsu yana murmushi. Ya tsaya cak, hannuwansa a baya, har ta kai jakar bakin ƙofa ita kaɗai.