Eusebio Kwandasta da Maganin Wata Goma Sha Takwas

Eusebio kwandastan bas ne a unguwarmu ta Carabayllo. Da tarin fuka ya fara kama shi, wata biyu ya sha magani ya ce ya warke. Tarin ya dawo da ƙarfinsa, likita ya yanka masa wata goma sha takwas na shan magani, aka haɗa shi da wata nas, Doña Zoila.

Kullum da safe tana tasha da ƙwayoyinsa.

"Haɗiye, ɗan nan. Ɗaga harshe in gani!"

"Haba Doña, a gaban fasinjoji?"

Direba ma ba ya tada mota sai Eusebio ya haɗiye.

Ya cika watanninsa ya warke sarai, ya yi ƙibar da ƙofar bas ta yi masa kaɗan. Dole ya koma tuƙi.