Alli Biyu a Kan Faifan Ƙarfe

Ni mai gyaran injin niƙa ne a Kontagora, karatuna bai wuce firamare ba. Bayan rasuwar mahaifinmu maganata ce ke tafiya a gida. Shi ya sa da autarmu ta sami gurbin ƙaro karatun lissafi bayan digirinta na biyu, Inna ta ce sai na amince. Na ƙi. Na ce aikin koyarwa ya ishe ta. Gaskiyar ita ce duk bayanin da ta yi mini ban gane ko kalma ba, kuma kunyar hakan ce na mayar faɗa. Allah Ya yafe mini.

Saura kwana uku gurbin ya wuce ta, ta same ni a shago ina kwance injin wani manomi daga Mashegu. Akwai wani faifan ƙarfe mai huda biyar da dole ya koma yadda ya fito. Na shafa alli a huda biyu, kamar yadda maigidana na wurin koyon sana'a ya koya mini.

"Yaya, rowar alli kake yi? Ga huda biyar."

"Ke dai ba ki san aiki ba. Ɗaya ya hana shi juyawa, na biyu ya hana a kifa shi. Sauran ukun ina za su?"

"To ƙusoshin nan biyar fa, in kowace sai ta koma raminta?"

"Su ai kowace na iya shiga ko'ina. Sai na yi wa huɗu alama, ta biyar ta san gidanta."

Ta tafa hannu har gyalenta ya zame.

"Wallahi Yaya, karatuna ke nan ka faɗa! Abu mai gurabe dubu, da ƙa'idar yadda yake juyawa, alama nawa ce mafi ƙaranci da za ta tsayar da shi? Iyakar adadin nan muke nema."

Na jawo murfin tukunya, na jawo tayar babur, ina ta tambaya. In huda ɗari ce fa? Ta ce biyu dai. Biyu! Na ƙirga da kaina a ƙasa, haka ne. Na ƙwala wa mai walda maƙwabcina kira ya zo ya gani, ya ce mun haukace ni da ita. Mai injin kuwa cewa ya yi, "Malam, masarata na jira fa."

Ban ba ta haƙuri yadda ya kamata ba, har yau abin na damuna. Na dai wanke hannu da kananzir, muka tafi wurin Inna tare. Washegari ni na ɗauki jakarta zuwa tasha, da guntun allin a aljihuna. Da mota za ta tashi na miƙa mata shi ta taga.